Rabon Kwana a Kan Linux

A Linux, mutum biyu na iya shiga kwamfuta ɗaya a lokaci guda, kowa da allonsa da tarkacensa. A Ubuntu, allon shiga na zaune a F1. Wanda ya riga shiga ya kama F2, na bayansa F3. Ka danna Ctrl da Alt da maɓallin F ɗin, sai ga ka a ɗakin wancan.

Zaman kishiyoyi ke nan, maigida ɗaya, ana rabon kwana da yatsu uku. Sai dai wadda ba ranar girkinta ba, ba barci take yi ba. Tana can ƙurya ta baza shafuka a Firefox, tana wawure RAM hankali kwance, kai kuwa kana nan kana ta zagin linzami wai ya cika nawa.