Wayar da Ba a Yi wa Baftisma Ba

Kowace Lahadi, kafin a fara sujada, sakataren ikilisiyarmu kan miƙe ya gyara murya ya ce, "'Yan'uwa, don Allah kowa ya kashe wayarsa." Mu kuwa sai mu sunkuyar da kai muna ƙunshe dariya, domin sanarwar da yake karanta mana a cikin tasa wayar take. Ranar da ya bi umarnin kansa, ranar za mu tashi ba mu san wa ya haihu ba, wa ke kwance a asibiti.

Haka muke mu Kiristocin Daura. Ba mu da yawa, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne, kuma galibinmu aiki ne ya kawo su: malaman makaranta, ma'aikatan jinya, sojoji, 'yan kwastan da ke shigowa daga Kongolam, 'yan kasuwar ƙabilar Ibo masu kayan gyaran mota, ɗaliban kwalejin fasaha ta tarayya, sai 'yan bautar ƙasa da kan zo su tafi kamar shamuwa. Taron da kullum wani na sauke kaya wani na ɗaurewa, dole ya nemi igiyar da za ta riƙe shi. Tamu igiyar WhatsApp ce.

Ba da son ranmu muka shiga ba. Kafin 2020, in yaro ya fito da waya ana cikin wa'azi, wani dattijo ne zai zungure shi da sanda daga baya. Sai korona ta zo, kuma duk faɗin Jihar Katsina a Daura ta fara sauka. A watan Afrilun shekarar, ana daf da Ista, Gwamna Aminu Bello Masari ya sa aka kulle gari. Ba coci, ba masallacin Juma'a, ba kasuwa. Baba fasto ya zauna a tsakar gidansa ya yi wa'azin tashin Almasihu a cikin waya, minti arba'in cur, ya turo mana. Har yau ana tuna wannan wa'azi, amma ba don abin da aka faɗa ba. Zakaran gidan ne ya yi ta cara duk inda aka kai gaɓa mai nauyi, sai kuma muryar Mama fasto can nesa tana tambayar wa ya bar murfin randa a buɗe. Wata tsohuwa a zumuntar mata ta ce ita dai ta ji albarka, amma datar da jikanta ya saka mata ta wata guda ta ƙare tun kafin a kai addu'ar rufewa.

Bayan mako biyu azumi ya kama, maƙwabtanmu su ma suka koma jin tafsiri ta rediyo da waya. A lokacin ne Malam na ƙofar gidanmu ya leƙo ta katanga ya ce, "Maƙwabci, ashe cutar nan ta mayar da mu ɗarika ɗaya, 'yan caji." Na ce masa, "Allah gafarta Malam, ai limaminmu ɗaya ne yanzu, mai shagon sola."

An buɗe gari, waya ba ta koma aljihu ba. Yanzu zaurukan da muke da su sun fi kujerun cocin yawa: na dattawa, na zumuntar mata, na matasa, na mawaƙa, na kwamitin gini, da wani da aka buɗe don bikin aure tun shekaru uku da suka wuce, amarya ta yaye ɗa amma har yau ba wanda ya yi ƙarfin halin fita. Ƙarfe biyar na asuba wani zai turo hoton fure da aya a jiki, mutum sittin su jera "Amin". In ma'aji ya turo cewa ana neman gudummawar gyaran rufi kafin damina, sai ka ji tsit, kamar ruwa ya cinye gari. Kowa ya gani, alamar nan shuɗiya ta nuna, amma ranar Lahadi sai ka ji, "Wallahi Baba, sabis ne ba kyau a unguwarmu."

Shi kuwa sabis, mun san ranar da ya ɗauke da gaske. A watan Satumban 2021 aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda 'yan bindiga, har da Malumfashi da Funtuwa da Ƙanƙara. Mu bai shafe mu ba, amma da yawanmu tushenmu can yake. Sai ga mu a tasha muna ba direba wasiƙa, yadda iyayenmu suka yi.

Inda aka fi shan daru shi ne wurin karatun Littafi Mai Tsarki. Akwai dattijonmu da ya gaji na mahaifinsa, juyin 1932 wanda Dakta Miller na Wusasa da abokan aikinsa suka yi, bangonsa ya sha ɗinki wurin baduku har sau biyu. Yawancinmu mun tashi da juyin da ya biyo baya kusan shekara hamsin. Su kuma yara sun sauke manhajar YouVersion, suna zaɓen juyi kamar mai zaɓen atamfa. Sai a ce yarinya ta karanta aya, ta karanta daga waya, Baba ya ɗaga yatsa: "'Yata, ba haka aka rubuta ba." Ta ce, "Baba, haka yake a nan." Ya ce, "To wa ya rubuta na nan ɗin?" Nan fa nazarin minti talatin zai koma awa guda. Ni dai ina bayan Baba a abu ɗaya: littafinsa bai taɓa katse masa Zabura da saƙon cewa ya ci kyautar miliyan ba. Amma in gaskiya za a bi, shi ma da na'ura ya girma. Da bakinsa yake ba mu labarin yadda suke kewaye akwatin rediyo da dare suna laluben tashar ELWA daga Laberiya, ko shirin Muryar Bishara da ake haɗawa a Jos. Kuma da idonsa ya fara rauni, jikarsa ce ta saka masa Linjila ta murya a katin waya, yanzu da ita yake kwana. Bai yarda a faɗi wannan a gaban jama'a ba.

Baiko ma bai tsira ba. Da can mutum kan dunƙule hannu ya zura a jaka, ko naira hamsin ce Allah kaɗai ya sani. Da canjin kuɗi ya zo farkon 2023, takardar naira ta yi ɓatan dabo, sai aka rubuta lambar asusu a kwali aka liƙa kusa da bagade. Tun daga nan asiri ya tonu. Wayar ma'aji na ƙara, sunanka na fitowa da abin da ka bayar. Wani ɗan'uwa da aka san shi da dunƙule hannu da ƙarfi kamar mai riƙe da dubu biyar, yanzu kullum shi bankinsa ke da matsala.

Abokanmu 'yan Katolika kuwa baki har kunne tun Disambar 2023, da aka keɓe Gerald Mamman Musa bishop na farko na Katsina bayan an yanke daiosis ɗin daga na Sakkwato. Bahaushe ne, kuma malamin ilimin sadarwa ne tun kafin a ba shi sanda. In mun haɗu sai su ce mu bari su koya mana yadda ake watsa sujada kai tsaye. Mu ce su fara koya wa katikis ɗinsu ya daina rufe idon kyamara da babban yatsa.

Mu ma ba mu da bakin magana. Duk harkar na'urar cocinmu, daga majigin da ke haska waƙoƙi a bango har shafinmu na Facebook, a hannun ɗan bautar ƙasa take. Shekara ɗaya yake yi. Ya zo ya gyara komai, mu saba, har tsofaffi su daina ɗauko Littafin Waƙoƙi daga gida. Sai wuta ta ɗauke ana tsakiyar baiti na biyu, bango ya yi fari, matasa su koma gunaguni da hanci, tsofaffin nan dai su ja waƙar da ka har ƙarshe suna kallonmu ta gefen ido.

Ɗan bautar ƙasa na bara ya gama, mun yi masa addu'a, zumuntar mata ta haɗa masa kilishi da dakuwa, muka raka shi tasha. Sai da motar ta wuce Kazaure sakatare ya dafe kai: lambar sirrin shafin tana wurinsa. An kira, layin a kashe. Har yanzu in ka buɗe shafinmu, gayyatar bikin Kirsimetin bara ce a sama, muna roƙon jama'a su zo da wuri saboda kujeru. Dattawa sun zauna a kan maganar, sun yanke cewa daga yanzu a riƙa rubuta lambar sirri a takarda, a soke ta cikin Littafin Baba na 1932, tunda shi bai taɓa barin garin ba.