Jama'ar da Ke Taruwa a Gaban Baƙin Allo

Wanda ya haɗa Windows da Linux a kwamfuta ɗaya ya ajiye kishiyoyi ne a gida ɗaya, sannan ya ɗauki ɗan aike mai tambayarsa kullum ɗakin wa zai shiga. Sunan ɗan aiken GRUB, 'yar ƙaramar manhaja da ke tashi kafin kowa, ta jera sunaye ka zaɓa. Ranar da ta rikice, sai ka kunna kwamfuta ka tarar da baƙin allo, an rubuta grub rescue, ga wani ɗan layi yana ta ƙyafta ido. Galibi fayilolin mutum suna nan lafiya lau, hanyar zuwa wurinsu ce kawai ta ɓace. Amma kafin a gane haka, jama'a sun taru.

Wanda ya fi kowa saurin zuwa shi ne Sarkin Fomat. Yana da rumfa a kasuwa, da filas ɗaya a aljihu, da magani ɗaya tak na kowace cuta. Ko kallon allon ba ya yi. "Oga, wannan ai sai fomat." Ka ce masa kundin digirinka na ciki, da hotunan bikin ƙanwarka, sai ya tambaye ka cikin tausayawa ko ba ka ajiye kwafi ba, alhali hannunsa ya riga ya danna. Gaskiya aikinsa na ci, kwamfuta za ta tashi. Abin da ke cikinta ne dai ba zai sake tashi ba.

Sai ɗalibin da ya ga fim ya sha alwashin zama ɗan kutse. Ya saka Kali Linux da daddare, ya ɗauki hoton tambarin dodon nan ya ɗora a WhatsApp, bayan mako guda ya gaji. Sai ya shiga Windows ya goge ɓangaren Linux ɗungurungum don ya sami wurin ajiye wasanni. Bai san cewa kayan aikin GRUB a ɓangaren nan suke zaune ba. Idan ka tambaye shi me ya taɓa, amsarsa ɗaya ce: "Wallahi Yaya ban taɓa komai ba, haka kawai ta yi."

Abokinsa na kusa shi ne mai kwafe umarni daga intanet. Duk abin da ya gani an rubuta da sudo a gaba, zai zuba shi. Wanda ya rubuta umarnin faifansa sda ne, shi kuwa nasa wani suna daban, amma ina ruwansa. Idan na farko bai yi ba, ya zuba na biyu a kai, har matsala ɗaya ta haifi jikoki.

Mai wa'azin Linux kuwa, shi ba gyara ya kawo shi ba, hujja ya zo kafawa. Tun daga bakin ƙofa yake tambaya, "An sabunta Windows, ko?" Idan aka ce e, sai ya gyara zama. Zai faro daga 1991, lokacin da Linus Torvalds yana ɗalibi a Helsinki, ya bi ta kan Ubuntu da fitowarsa a 2004, mai kwamfuta na tsaye yana jira. Abin haushin shi ne wani lokaci yana da gaskiya. Windows kan tura kansa gaba a jerin masu tashi, ya bar GRUB a baya. Kuma a watan Agustan 2024 wata sabuntawar tsaro ta Microsoft, wadda aka ce ba za ta shafi kwamfutoci masu tsari biyu ba, ta hana Linux tashi a da yawa daga cikinsu, sai da mutane suka riƙa kashe Secure Boot kafin su shiga. Malamin nan har yau bai gama cin ribar wannan wata ba. Sai dai in ka leƙa tasa kwamfutar za ka ga Windows a laɓe a wani lungu. "Saboda Word ne kawai," in ji shi, yana kallon gefe.

Akwai dattijon da ya koyi aikin a zamanin LILO, wani tsohon ɗan aike irin GRUB. A wurinsa duniya duka tana cikin bayit 512 na farkon faifai, inda ake kira MBR. Zai buga bootrec /fixmbr da cikakken natsuwa, ya jira, ya sake bugawa. An gaya masa kwamfutocin yanzu UEFI suke amfani da shi, masu tayar da tsarin kuma suna zaune a wani ɗan ɓangare na daban mai FAT32. Ya ji, bai dai yarda ba ne.

Ni wanda ya fi burge ni shi ne mai haƙuri. Wannan bai taɓa gyara komai ba. Ya gano cewa in ya danna F12 a Dell ɗinsa da sauri, ko F9 in HP ce, zai sami jerin zaɓi, shi ke nan ya mayar da abin wuridi. Agogonsa ma kullum da kuskuren awa guda, domin Linux na ajiye lokacin na'ura a ma'aunin UTC, Windows kuma na ɗaukar sa a matsayin lokacin gida, mu kuwa a Najeriya da Nijar muna gaba da awa ɗaya. Maimakon ya gyara, sai ya koyi lissafi. In agogo ya nuna ƙarfe 1, ya san 2 ta yi, ya tashi ya yi alwala.

Can a ƙarshen benci akwai wata baiwar Allah da ba ta ce uffan ba tun ɗazu. Ta karɓi kwamfutar, ta tayar da ita da filas mai Ubuntu, ta duba wane ɓangare ne wane kafin ta taɓa komai. Ta shiga da chroot, ta buga grub-install, ta bi da update-grub. Da Windows bai fito a jerin ba, ta tuna cewa tun GRUB 2.06 ake barin os-prober, mai lalubo sauran tsarin da ke kwamfuta, a kashe, ta kunna shi. Minti 10, komai ya dawo, ko fayil ɗaya bai yi ciwon kai ba. Ta faɗi kuɗinta.

Alhaji mai kwamfuta ya juya na'urar sama da ƙasa, ya duba ko an kwance ko da noti ɗaya ne. "Haba 'yata, rubutu fa kawai na ga kin yi." Ya ba ta rabi. Sarkin Fomat, da aikinsa kan ɗauki awa biyu ana ganin layi na tafiya a allo, shi ba a taɓa neman ragi a wurinsa ba.