Ƙauyukan Da Gawa Ta Fi 'Yan Sanda Yawa

A cikin littattafan Turawa da wasanninsu na talabijin akwai wasu ƙauyuka da babu su a taswira, amma duniya ta san su. Gari ne tsaf-tsaf, ga coci mai hasumiya, ga gidan waya, ga shagon shayi, kowace ƙofa da furanninta. Ba cunkoso, ba hayaniya, kowa ya san kowa har kakansa. Aibin garin ɗaya ne tal: ba a rufa wata ba a tsinci gawa ba. Yau a ɗakin karatun wani kanar mai ritaya, gobe a bayan rumfar gasar furanni. A wasan Midsomer Murders, wanda aka fara nunawa a Ingila a 1997, har da wadda aka kashe da dunƙulen cuku.

Wanda ke gano makashin kuwa galibi ba ɗan sanda ba ne. Mutum ne da ba wanda ya aike shi, ba wanda ke biyansa ko sisi. Da a unguwarku yake, ɗan sa ido za ku kira shi, ku riƙa rage murya in ya doso. Marubutan nan sai suka ɗauki shisshigi da tsegumi, halayen da iyaye ke yi wa yaro faɗa a kansu, suka naɗa musu rawani.

Uwar gayyar ita ce tsohuwa mai saƙa. Agatha Christie ta fito da Miss Marple a wani gajeren labari a 1927, sannan ta ba ta cikakken littafi a 1930, daga ƙarshe aka samu littattafai 12 da gajerun labarai 20 a kanta. Ba ta taɓa aure ba, kuma kusan duk rayuwarta a ƙauyen St Mary Mead ta yi. Kullum tana lambu tana cirar ciyawa, ga madubin hangen nesa a kusa, wai na kallon tsuntsaye ne. Abin mamaki, tsuntsayen nan ba su tashi sauka sai daidai tagar maƙwabta. In ana zancen kisa tana gefe da zaren ulunta, tana ƙirga ido tana saƙa, tana magana a daburce, ta fara wannan ta saki ta kama wancan, har mutane su ce tsufa ya fara taɓa baiwar Allah. Nan ne suke sakin baki. Lumbu-lumbu ce, wutar ƙaiƙayi.

Dabararta ba ta buƙatar awon jini ko zanen yatsa. Ita dai a wurinta halin ɗan Adam ɗaya ne a ko'ina, saboda haka duk wanda ta gani sai ya tuna mata da wani a ƙauyensu. Ka kawo mata attajirin Landan mai masana'anta, ta kalle shi ta saman tabarau, sai ya tuna mata da wani yaron mahauci da ya riƙa tauye awo. Sufeto ya yi tsaki ya fita. Bayan shafi ɗari sai a ga ai kuwa attajirin tauye awon yake yi, sai dai nasa da rai ne. Kuma tsohuwar nan mai fara'a ba ta kyautata wa kowa zato. Tana zuba maka shayi tana tambayar lafiyar gyatumarka, a ranta kuwa ta gama lissafa dalilan da za su sa ka shaƙe matarka. Ɗan 'yar'uwarta, Raymond West, marubuci ne mai ji da wayewa, yana ganin tsohuwar ba ta san duniya ba, har yakan biya mata kuɗin hutu don ta sha iska. A littafin 1964 ya tura ta wani tsibiri a yankin Karebiyan. Ba ta gama warware gajiya ba wani tsohon manjo da ke ba ta labari ya kwanta dama.

Wannan ya kawo mu ga mai farar ƙafa. A nan babu na biyun Jessica Fletcher ta wasan Murder, She Wrote, wanda aka nuna a Amurka daga 1984 zuwa 1996, kashi 264, Angela Lansbury ce ta fito a matsayinta. Tsohuwar malamar Turanci ce da mijinta ya rasu, ta koma rubuta littattafan kisan kai da tafireta a wani ƙaramin garin masunta mai suna Cabot Cove a jihar Maine. Ko mota ba ta tuƙawa, keke take hawa. Mutanen garin ba su kai 4,000 ba, amma da wani shirin rediyon BBC ya zauna ya yi lissafi a 2012, sai ya tarar cewa in aka auna da yawan jama'a, kisan da ake yi a garin ya zarce na ƙasar Honduras, wadda a lokacin ita ce kan gaba a duniya. Duk da haka ba ka ganin kowa ya ɗaure kaya ya yi ƙaura.

Kuma ba a garin kaɗai abin ya tsaya ba, domin yawancin kisan ma a wajen tafiye-tafiyenta ake yi. Ta je biki, a rasa uban ango. Ta je taron marubuta, a tsinci mai buga littattafai a ƙarƙashin tebur. Ga dangi kamar me, kowane gari tana da ɗan ɗan'uwa ko 'yar ƙanwa, kuma da ta sauka sai 'yan sanda su kama shi da laifin kisa. Wani mai suna Grady shi ya fi shan wannan wahala, amma bai taɓa cewa, "Gwaggo, don Allah bana ki yi zamanki, mu za mu zo" ba. Masu kallo da dama sun daɗe suna raha cewa ita ce ke kashe mutanen, ta laƙaba wa wasu. Ni ban ce ba. Amma da ni ne mai otal, in na hango ta tana sauke akwati, ɗakuna sun cika.

Sai malamin addini. G. K. Chesterton ya ƙirƙiro Fada Brown a 1910, gajeren limamin Katolika mai zagayayyar fuska, kullum da tsohuwar laima a hannu tana faɗuwa yana ɗauka. Ka gan shi ka ce ko kuɗin motarsa ba zai iya ƙirgawa ba. Sai dai mutumin da ya shekara da shekaru yana zaune a coci mutane na zuwa suna furta masa zunubansu, wane salon mugunta ne zai zame masa baƙo? Shi ba ya rarrafe a ƙasa yana neman sawun takalmi. Zama yake ya sa kansa a matsayin makashin, ya tambayi zuciyarsa wane hali zai shiga har ya aikata irin wannan, in ya gano sai ya ɗaga kai ya ga wa ke cikin wannan halin. An ce mugu shi ya san makwantar mugu, to shi Fada aron muguntar yake yi na ɗan lokaci ya mayar. Ya bambanta da sauran a abu ɗaya: burinsa mai laifi ya tuba, ɗauri kuwa matsalar hukuma ce. Shahararren ɓarawon nan Flambeau a hannunsa ya shiryu, har ya koma mai binciken laifi. Chesterton ya yawata da shi wurare da dama, amma da BBC ta mayar da shi wasan talabijin a 2013 sai ta zaunar da shi a ƙauyen Kembleford, kuma tun daga lokacin ƙauyen bai huta da jana'iza ba.

Masu toye-toye su ne suka fi yawa a zamanin nan. Hannah Swensen, wadda Joanne Fluke ta fara rubutawa a 2000, tana da shagon biskit a wani ƙaramin gari a jihar Minnesota. Kusan kowace gawa da za ta tsinta, sai an ga ragowar abin da ta toya a gefenta, amma ciniki bai taɓa ja baya ba. Uwarta na matsa mata ta yi aure, ga manema biyu, likitan haƙori da ɗan sanda, ta ɗebi littattafai tana ja musu rai. A tsakiyar labari kuma, ana cikin jimamin mamaci, sai marubuciyar ta dakata ta koya maka yadda ake haɗa biskit ɗin: fulawa kofi kaza, sukari kaza, a gasa minti kaza. Ka gama, a koma wurin gawa.

Wadda ta fi ba ni dariya a wannan layi ita ce Agatha Raisin ta M. C. Beaton, wadda ta bayyana a 1992. Ita ko girkin ba ta iya ba. Ta bar harkar tallata kamfanoni a Landan ta koma ƙauye a yankin Cotswolds, tana son a san da ita, sai ta sayo wani gashin ƙwai da alayyafo a shagon birni ta shigar da shi gasar girkin ƙauye a matsayin nata. Ba ta ci gasar ba, alƙalin gasar kuma ya ci abincin ya mutu. Ga zaɓi biyu a gabanta: ko a ce ta sa guba, ko ta amsa a gaban matan ƙauye cewa sayowa ta yi. Ban tabbata wanne ya fi yi mata ciwo ba.

Akwai masu bincike da kyanwa, su ba sai an daɗe a kansu ba. A littattafai 29 na Lilian Jackson Braun, ɗan jarida Qwilleran yana da gashin baki mai motsi in an yi rashin gaskiya, da muzuru mai suna Koko da ke turo littafi daga kanta, a duba sunan littafin a ga ya nuna makashi. Ɗan jaridar ke shan yabo, muzurun ke aikin.

Shekaru ma ba sa hana shisshigi. Flavia de Luce ta Alan Bradley shekararta 11, tana zaune a wani tsohon gida a Ingilar 1950, ta gaji ɗakin haɗa sinadarai, ba abin da take ƙauna irin guba, har ta taɓa cusa wa yayarta ruwan ganye mai ƙaiƙayi a jambaki don ta ga yadda leɓe zai kumbura. A ɗaya gefen kuma ga tsofaffi huɗu na Richard Osman, waɗanda littafinsu ya fito a 2020: tsohuwar 'yar leƙen asiri, tsohuwar nas, tsohon jagoran 'yan ƙwadago, da Ibrahim, likitan ƙwaƙwalwa. Suna zaune a unguwar masu ritaya a Kent, duk Alhamis su haɗu su baje tsofaffin fayilolin kisan da 'yan sanda suka kasa warwarewa. Makaminsu tsufa. In ɗan sanda ya tsare su sai su yi kamar kunne ya yi nauyi, su miƙa masa yankan kek, kafin ya haɗiye sun tatse duk abin da ya sani.

Shi kuwa sufeto, bawan Allah, shi ne abin tausayi a duk tafiyar. Yana da kaki, yana da mota, yana da albashi, abin da ba shi da shi kawai shi ne kunne. Dubi Sufeto Slack a littafin Marple na farko. An harbe Kanar Protheroe a ɗakin karatun limamin coci, agogon tebur ya kife ya tsaya, sufeto ya duba ya ce ga lokacin kisa nan ƙarara. Liman ya buɗe baki zai gaya masa cewa agogon nan da gangan ake ajiye shi yana gaba da minti 15, sufeto ya daka masa tsawa ya ce kada a katse masa aiki. Haka irinsa suke a kowane littafi: su kama mutumin da bai ji ba bai gani ba tun a babi na uku, su gargaɗi tsohuwa ta tsaya a kan saƙarta, a babin ƙarshe su zo su zauna a falonta, hula a gwiwa, tana yi musu bayani dalla-dalla. Littafi na gaba kuma su sake gargaɗinta.

Mamacin ma iri ne mai zaman kansa. Ba a kashe mutumin kirki a waɗannan ƙauyuka, domin ba a son mai karatu ya yi baƙin cikin da zai hana shi barci. Kanar Protheroe alƙali ne mai tsawa da izza, wanda hatta liman sai da ya faɗa a wurin cin abinci cewa duk wanda ya kawar da shi ya taimaki jama'a. Miss Marple ta ƙirga mutum bakwai da ke da dalilin kashe shi. Jini ma kaɗan ake nunawa, shi ya sa guba ta samu kasuwa, kuma Christie ta san ta ciki da waje, don ta yi aiki a ɗakin haɗa magani na asibiti a lokacin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu. Ta kwatanta alamomin gubar taliyom a littafinta na 1961 daidai wa daida, har a 1977 wata nas a wani asibitin Landan da ke karanta littafin ta gane abin da ke damun wata jaririya da aka kawo daga Ƙatar, aka ceto ranta.

Makashin kuwa kada ka neme shi cikin masu zare ido. Baƙon da ya sauka jiya da tabo a fuska ba ruwansa, an kawo shi ne don sufeto ya samu na kamawa. Nemi mai gaisuwa har ƙasa, mai rabon shayi a wurin zaman makoki, wanda ya fi kowa cewa Allah ya tona asirin wanda ya yi wannan. Musa a baki, Fir'auna a zuci. Kuma yana da ladabin da ba a samu a wajen littafi: in an tara jama'a a falo aka nuna shi da yatsa, ba ya neman lauya, sai ya gyara zama ya ba da labarin yadda ya yi tun daga farko.

Saboda haka, mai karatu, in hanya ta taɓa bi da kai ta irin wannan ƙauye, ka gaida tsohuwar da ke lambu da ladabi, kada ka karɓi shayi a hannun magajinka, kada ka yarda a naɗa ka alƙalin gasar girki. In kuma kana da dukiya, ko da wasa kada ka tara iyalinka a wurin cin abincin dare ka ce musu gobe da safe za ka kira lauya ka sauya wasiyya.