Mazhabobin Masu Begen Ƙaramin Jirgin Sama

Malaman tarihi sun ruwaito cewa a zamanin daular Andalus an yi wani masani a birnin Ƙurɗuba, ana ce da shi Abbas ɗan Firnas, wanda ya lulluɓe jikinsa da gashin tsuntsu, ya ɗaura fukafukai biyu, ya faɗa cikin iska har ya yi 'yar tafiya. Sai dai da yake ya sha'afa cewa tsuntsu da wutsiya yake sauka, sai ya faɗo ya ji ciwo a baya. To, wanda duk ke son ganin magadan wannan bawan Allah, sai ya nufi garin Oshkosh na jihar Wiskonsin a Amurka a ƙarshen watan Yuli, inda tun 1970 ƙungiyar da wani mai suna Paul Poberezny ya kafa a 1953 take tara su mako guda cur, har a 'yan shekarun nan jirage kan kai wajen 10,000, mutane kuwa su haura 600,000. Saboda cunkoso, masu ba da izinin sauka ba su da zarafin sauraron amsa. Sai su kira jirgi da launinsa su ce ya kaɗa fukafukai, shi kuma ya kaɗa, kamar mai amsa sallama daga tsallaken rafi. Na zauna cikin jama'ar nan kwana biyar, abin da kuwa ya bayyana gare ni shi ne, ko da yake sun yi ijma'i a kan son sama, galibin rayuwarsu a ƙasa suke yin ta, kuma sun rabu mazhabobi, kowace tana yi wa 'yar'uwarta kallon mai bidi'a.

Mafi tsananinsu su ne ma'abota tsohon jirgi, waɗanda a fatawarsu duk jirgin da ƙaramar tayarsa take gaba maimakon ƙarƙashin wutsiya mota ce aka liƙa wa fiffike. Shehinsu da na zauna da shi dattijo ne mai wani jirgi ruwan ɗorawa, samfurin Piper Cub irin wanda aka soma ƙerawa a 1938, jikinsa bututun ƙarfe ne aka lulluɓe da yadi. Ba a tayar da shi da makulli, sai an tsaya gabansa an wurga farfela da hannu. Ma'aunin mansa kuwa wata 'yar waya ce da aka soke a toshiyar kwalaba, tana leƙowa ta murfin tanki a gaban gilashi, in ta nutse ka san lokacin neman filin sauka ya yi. In iska ta tare shi ta gaba, manyan motoci na wuce shi a kan titi, amma wannan a wurin dattijon falala ce, don gaggawa aikin Shaiɗan. Ya kawo mini littattafan jirgin, ya karanto mini waɗanda suka mallake shi ɗaya bayan ɗaya, wane daga wane daga wane, silsila ba yankewa, ya zama ko masu binciken isnadi sa sara masa. Da na ce masa jiragen da suka fara sauka a Kano a watan Nuwamba na 1925 guda uku ne samfurin DH.9A, na sojan saman Ingila, daga Masar suka taso, sai ya miƙe ya sake gaisawa da ni, ya kira maƙwabcinsa mai jirgin Tiger Moth ya gabatar da ni kamar wanda ya zo da tsarabar wuri mai albarka. A kwana biyar ɗin nan, ban ga jirgin ya rabu da ƙasa ba. Abin da na gani tsumma ne, yana goge inda ya riga ya goge.

Kusa da su akwai masu ƙera nasu da hannunsu. Dokar ƙasar ta yarje wa mutum ya tuƙa jirgin da ya harhaɗa, da sharaɗin fiye da rabin aikin shi ya yi, saboda haka sai ka ga magidanci mai cikakken hankali ya kori motar iyalinsa daga gareji, ya shige da dubban ƙusoshi. Alamarsu ɗaya ce: in ka tambayi yaushe za a gama, sai su ce saura kaɗan. Wanda ya faɗa mini haka, uwargidansa na gefe tana saƙa, ba ta ko ɗaga kai ba ta ce ranar da ya fara faɗin wannan kalma ɗansu na goye, yanzu kuwa shi ya tuƙo su a mota.

Masu Cessna 172, jirgin da aka ƙera fiye da 44,000 irinsa tun 1956, ba sa bukatar dogon sharhi. Mutum ya ƙona mai na awa guda zuwa wani gari don ya ci burodi da nama, alhali irinsa na nan a bakin layinsu. Su da kansu suna kiransa naman dala ɗari.

Sai kuma muftin bakin shinge, wanda bai taɓa riƙe sandar tuƙi ba, amma yana kishingiɗe a kujerar tafi-da-gidanka da rediyo a kunne, yana yanke wa kowace sauka hukunci: wannan ta inganta, wannan makaruhiya ce, waccan kuwa sai an sake. In injin Merlin na jirgin Spitfire ya yi ƙara, sai ya rufe ido ya ɗaga yatsa a yi shiru, kamar an soma karatu.

Na bar masu alkafura a ƙarshe ne domin a hannunsu na ɗanɗana kuɗata. Asalin ɗariƙarsu yana komawa ga wani hafsan Rasha, Pyotr Nesterov, wanda a 1913 ya kewaya da jirginsa sama ya dawo ƙasa kamar zobe, manyansa kuwa suka fara saka masa da tsarewa don ya yi ganganci da dukiyar hukuma. Daga baya wani Basifaniye, Aresti, ya tsara wa kowane juyi alamar rubutu, sai ka ga mabiyinsu kafin ya tashi yana tafe a ciyawa shi kaɗai, ido rufe, yana karkata kafaɗa yana juya tafin hannu, wanda bai sani ba sai ya nemo masa mai ruƙiyya. A wani ƙaramin fili da ba zan ambata ba, ɗaya daga cikinsu ya zaunar da ni a kujerar gaba ta jirgin Pitts mai fukafukai hawa biyu, ya ɗaura mini laimar sauka, ya ɗaure ni tamau kamar huhun goro, sannan ya cusa mini wata 'yar jakar takarda a ƙirji ba tare da bayani ba. Da ya ja sanda, nauyina ya ninka huɗu, kumatuna suka zubo, idona ya soma dishi-dishi. Kafin in ankara gonakin masara sun koma bisa kaina, sararin sama yana ƙarƙashin takalmina, kuma duk addu'ar da na hardace tun ina makarantar allo ta zo mini a lokaci guda, ba tsari. Ta cikin na'urar kunne na ji yana tambaya, cikin fara'a, ko a ƙara. Na yi nufin in ce a'a, amma ƙwai da dankalin da na ci da safe suka riga ni amsawa, a nan ne kuma hikimar jakar takarda ta bayyana.

Da muka sauka na zauna a ciyawa ina dafe da ƙasa da hannu biyu, sai ga wani muftin bakin shinge ya jawo kujerarsa kusa da ni, ya sanar da ni cewa zoben da muka yi bai cika da'ira ba, ya ɗan yi kama da ƙwai, kuma a ra'ayinsa ya kamata mu koma mu sake.