Zuwa Ga Bawana Bazazzagi A Landan

Labari ya iso mana Kano cewa ka tattara fiyano da ɗan kalangunka ka koma Landan, wai a can za ka ci gaba da tsara waƙoƙi. To madalla. Mutumin da jaurar Samaru ke sa shi kwana da safa uku, shi ne yau a garin da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma a watan Disamba.

Na saurari sabuwar waƙar da ka saki. Yaranka na ta yabon yadda muryar ke karkarwa, wai sabon salo ne. Ni dai na san ɗari ne. An ce a cikin kabad ɗin tufafi ka rera ta, domin tsohuwar da ke maƙwabtaka da kai tana buga bango da zarar ka ɗaga murya. Kai da kake hana Tudun Wada barci!

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne liƙi. Fam ɗaya a can ƙwandala ce, in aka watsa maka sai goshi ya yi ƙulu. Takarda mafi ƙanƙanta fam biyar ce, tun 2016 kuma ta roba ake bugawa. Ko da wani ya yi ta maza ya zaro, da wane gumin za ta manne?

Riba ɗaya ka ci. Shekara da shekaru muna fama da ku a kan “yarinya ya zo”, kun ƙi gyarawa. Yanzu ka samu masu sauraron da za ka ce wa budurwa “shi” tun daga amshi har baitin ƙarshe, su tafa maka.

Sai dai fa duk nisan jifa ƙasa zai faɗo. Muryar da ka naɗa cikin kabad, ta WhatsApp kake turo ta sutudiyon Zoo Road, yaranmu su ɗora kiɗa, 'yan amshinmu su rufa maka asiri. Ka tsallake teku, amma har gobe a tukunyar Kano ake dafa maka. Mu kuwa ka san mu, ba ma aikin Allah-ya-isa, da fam za ka biya.

Marigayi Ɗan Maraya Jos ya zaga ƙasashe da kuntigi mai tsirkiya ɗaya, bai taɓa barin Hausarsa a filin jirgi ba. Kai ma ka riƙe taka, duk da karkacewarta. Ka ci gaba da waƙa, muna saye, ko don mu samu abin dariya.

In za ka zo hutun Sallah, ka biyo ta Kano ka gai da iyayen gidanka. Kada ka manta tsarabata, rigar sanyi, irin wadda kake kwana a ciki.