Kallo Ya Koma Sama

Daga ranar Idi zuwa kwana biyar, Kano ba ta zama wuri ɗaya. Ranar farko Sarki ya taso daga filin Idi na Ƙofar Mata ya hau. Washegari da la'asar Hawan Daushe, a je a gai da mai Babban Ɗaki, a dawo Ƙofar Kudu a yi jahi. Rana ta uku Hawan Nasarawa, a kai wa gwamna gaisuwa har gidan gwamnati, sannan a rufe da Ɗorayi in ƙaramar Sallah ce, ko Fanisau in babba ce. Wannan a shekarar da aka bari aka yi ke nan, don tun daga korona ta 2020 zuwa dakatarwar da jami'an tsaro suka riƙa yi a 'yan shekarun nan, doki nawa aka ɗinka wa kaya ya ƙare Sallah a turke. Wanda ba ya son ƙura kuma ga gidan zu, ga wuraren lilo, ga sinima, ga gala. Duk wanda ka tambaya ina zuwa, kallo zai ce maka. Amma tsare shi da daddare ka ce me ya gano, sai ka ji ana inda-inda. Abin gani kam akwai shi. Kowa dai da hanyar da yake bi abin ya wuce shi.

Wanda ya fi kowa asara shi ne wanda ya fi kowa sani. Tun azahar yake zuwa ya kama gindin katanga, hula a karkace, goro a kunci. Tawagar farko na ɓullowa sai ya juya wa dawakai ƙeya ya fuskanci jama'a, domin shi ba kallo ya zo ba, darasi ya zo bayarwa.

"Wannan Madaki ne. Ko daga naɗin rawani za ku gane."

Sai wani yaro ɗan firamare ya karanta allon da ake ɗauke da shi a gaban tawagar. "Baba, Ɗan Iya fa aka rubuta."

"Kai yaro, rufe mana baki. Musanyar allo aka yi."

Ya san kuɗin kowane doki, ya san wanda aka kawo daga Chadi, ya san hakimin da ya ari alkyabba da wanda ya are ta a wurinsa. Yana iya jero maka masu zaɓen sarki huɗu ba gargada: Madaki, Makama, Sarkin Bai, Sarkin Dawaki Mai Tuta. Wannan kam daidai yake faɗa, kuma da shi yake sayen yardar jama'a a kan sauran ƙaryar. Tun da hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya a watan Disamba na 2024 ya ƙara samun abin taunawa, in yana ba da labarin sai ka rantse da shi aka yi zaman. Ban taɓa jin haushinsa ba, gaskiya. Wurin da babu shi, tsayuwar jiran Sarki ta fi tsawo. Sai dai a duk shekarun da ya yi yana zuwa Ƙofar Kudu, fuskokin 'yan kallo kawai ya haddace.

Kusa da shi akwai mai waya. Hannunsa na sama tun kafin a fara. Ya ɗauki 'yan sulke, ya ɗauki 'yan lifidi, ya ɗauki masu algaita da kakaki, ya ɗauki mai sayar da rake, ya ɗauki wani jaki da ya ratso ba da gayyata ba. Can sai bindigogi su ɗau amo, ƙura ta turnuƙe, dogarai su bayyana da jan kaya da kore, a ce ga laima nan, ga tagwayen masu nan. A daidai nan waya take yin ƙyaf ta mutu. Sarki zai zo ya wuce, jama'a na ɗaga hannu ana jinjina ana "Allah ya ja zamani", shi kuwa yana sunkuye yana bin mutane ɗaya-ɗaya: "Don Allah Yaya, ko kana da fawa bank?" Ko da wayar ba ta mutu ba, abin da zai kai gida ƙeyoyin mutane ne da wayoyin wasu masu waya.

Jarumin baki ba ya buƙatar dogon bayani. Ya ce kakansa ɗan tauri ne, ya ce ƙarar bindigar gargajiya ai wasan yara ce. Harbin farko, takalminsa ƙafa ɗaya ne ya tsaya ya ga sauran hawan.

Akwai kuma wanda ya ga tsayuwa a ƙasa ba girmansa ba ce, ya tara kuɗi tun azumi ya yi hayar doki. Bai taɓa hawa ba sai shekaranjiya, da aka zaga da shi bayan gida ana riƙe da linzami. Yau ga shi an naɗa masa rawani har ya rufe ido ɗaya, abokai na biye suna kirari. Dokin haya kuwa ya fi mahayinsa sanin gari, ya kuma san inda ake ba shi dusa. Da an zo mararraba, tawaga ta yi dama, doki ya yi hagu. Za ka gan shi can wajen Mandawari shi kaɗai, ya rungume wuyan doki, yana ce wa masu Adaidaita Sahu su kauce, yana ce wa dokin "Haba bawan Allah". Gobe hotonsa zai fito a Facebook, wanda aka ɗauka kafin a kwance dokin.

A bar hawa a nufi titin gidan zu, inda Sallah ta yara ce, wahala ta iyaye. Gidan namun dajin nan tun zamanin Gwamna Audu Bako yake, farkon shekarun 1970, kuma har gobe sunansa yake ɗauke da shi. A nan za ka haɗu da uban runduna. Da 'ya'yansa huɗu ya yi niyyar fita, amma kafin ya kai bakin layi maƙwabta sun ji labari. "Baban Abba, don Allah ga su Ummi ma, ba su da rigima." Ya iso ƙofar shiga da yara goma sha ɗaya, duk cikin atamfa da shadda iri ɗaya saboda anko. Daga nan har magariba aikinsa ƙirga. Ya ƙirga a gaban jimina, ya ƙirga a gaban kada, ya ƙirga a gaban kura. Wani lokaci ya samu goma, hankali ya tashi. Wani lokaci ya samu sha biyu, hankali ya fi tashi, don yanzu sai ya gano wane ne ba nasa ba. In ka tambaye shi ko ya ga zaki, sai ya ce, "Wane zaki? Ina Sadiƙu?"

Hajiya mai kula ita ma tana nan. Ta yi imani duk abin da ake sayarwa a waje guba ne mai tsada, saboda haka ta taho da tabarma, da kular shinkafa, da soyayyen nama, da cincin, da jarkar zoɓo mai ƙanƙara. Ta samu inuwa tun daga shigowa ta shimfiɗa, kuma ba za ta tashi ba, don wa zai tsare kayan? Ta biya kuɗin shiga ta zo ta yi abin da take yi a tsakar gidanta, wato rabon abinci da raba faɗa.

Sai mai tsokanar dabba. Zaki na kwance yana barcin rana, shi kuwa ya biya kuɗinsa, dole a tashi a yi masa gurnani. "Kai! Tashi mana! Wannan ai kyanwa ce." Ya yi tafi, ya yi fito, ya buga ƙarfen keji. Irinsa sun yi sanyi na ɗan lokaci a watan Oktoba na 2019, da labari ya bazu cewa zaki ya fice daga kejinsa, har mutanen unguwannin kusa suka kwana da ido ɗaya. A shekarar ta 2019 dai, bayan ƙaramar Sallah, aka yi ta yaɗa cewa goggon biri ya haɗiye naira miliyan 6.8 na kuɗin shiga, har gwamnan lokacin ya fito ya ce babu ma goggon biri a gidan. Wannan bai hana kowane ƙaramin biri shan tambaya ba har yau. Mutum zai tsaya ya harɗe hannu, ya dube shi ido cikin ido: "Malam, ina kuɗinmu?"

Amma a duk masu yawon Sallah, wanda nake tausaya wa da gaske shi ne saurayi mai lissafi. Tun watan Sha'aban ya tsara komai: kuɗin Adaidaita zuwa da dawowa na mutum biyu, askirim biyu, shawarma biyu, tikitin fim biyu, da ɗan canji saboda tsaro. Ya sha gezna mai ƙarin guga, ya ɗora zanna bukar, ya yi wanka da turare. Ya yi sallama a ƙofar gida, ta fito ta sha lalle da gyale, fes. Bayanta ƙannenta uku. Bayansu wata ƙawa da ta zo daga Kaduna. A hannun ƙawar, jariri.

"Umma ce ta ce a tafi da su. Ba damuwa ko?"

"Haba, wace damuwa? Ai albarka ce."

Daga wannan lokaci ba ya ganin komai sai farashi. Suna shiga Ado Bayero Mall, wanda aka buɗe a 2014, kowa na kallon fitilu da kaya, shi yana karanta lambobin da ke jikin allo yana motsa leɓe. Ƙaramar cikinsu, wadda ba ta kai shekara bakwai ba, ita ce babbar abokiyar gabarsa. "Yaya Nura, ni mai cakulan nake so. Yaya Nura, ni babba nake so. Yaya Nura, nawa ya faɗi." In aka tambaye shi abin da zai ci, sai ya dafa ciki ya ce ai shi ya ƙoshi da nama tun a gida. Can za ka hango shi ya koma bayan ginshiƙi, waya a kunne, murya ƙasa-ƙasa: "Mutumina, turo min ko dubu biyar ce, zan yi maka bayani." Budurwar kuwa ba ta lura ba, tana can ita da ƙawa suna neman inda haske ya fi kyau. Su ma ba kallo suka zo ba, kansu suka kawo a kalla, kuma ba za su zauna ba don kada kaya su yamutse.

A cikin sinima, duhu ba ya ɓoye hali. Akwai tsohon ɗan kallo, wanda ya yi zamanin Plaza da Orion da Eldorado da Marhaba, lokacin da allo ke fili sama a buɗe, ana kiran Dharmendra Sarkin Ƙarfi, ana kallon fim ɗin Indiya ba fassara amma kowa ya fito ya gane. Shi sanyin na'ura bai burge shi ba, kujera mai laushi ba ta burge shi ba, guggurun da ake sayarwa kuɗin kwanon masara kuwa cin mutunci ne. Minti goma da farawa ya yi barci, ana kunna fitila ya farka ya ce fim ɗin yanzu ba labari. Akwai wanda ya riga ya kalla jiya, ya dawo yau don ya taimaka wa jama'a: "Ku lura da direban nan, shi ne zai kashe Alhajin." Akwai mai ba jarumi shawara da ƙarfi, "Kar ka sha! An sa magani!", in jarumi ya sha kuma ya yi tsaki ya ce shi ke nan, ai ya gaya masa.

Sannan ga mai wa'azin bakin ƙofa. Tun daga Turmin Danya na 1990 yake cewa fim ɗin Hausa ne ya ɓata tarbiyya, ya kuma ce Hukumar Tace Finafinai da aka kafa a 2001 ba ta tacewa yadda ya kamata. Yau ma yara ya rako, ba don haka ba me zai kawo shi. Amma ka kuskura ka ce wata jaruma ce ta fito a wani fim, nan take zai gyara maka, ya faɗa maka wadda ta fito, da shekarar, da wanda ya ba da umarni, da dalilin mutuwar aurenta. Ibro ya rasu tun Disambar 2014, amma mutumin nan ya haddace maganganunsa kaf, wai don ya san irin ɓarnar da zai gargaɗi mutane a kai.

Da daddare duk a hallara a majalisa, ƙafafu sun yi futu-futu, aljihu ya yi fayau. Mai waya na neman soket, mahayin haya na zaune a karkace, saurayi mai lissafi ya yi shiru yana kallon ƙasa. A nan Malam Na-gida yake karɓe zance. Shi bai leƙa ko ƙofar gida ba. Ya ci tuwon Sallah, ya kishingiɗa da rediyo a kan ƙirji, ya ɗan leƙa talabijin, ya karɓi rahoto daga yaran da suka shigo neman goron Sallah. Shi zai faɗa maka kalar alkyabbar Sarki, da hakimin da tawagarsa ta fi tsari, da dokin da ya ka da mahayinsa wajen jahi, da lokacin da aka tashi.

Uban runduna, wanda ya biya ta Ƙofar Kudu da yara sha ɗaya, ya ɗan yi gyaran murya. "Anya Malam? Ni fa kamar farar alkyabba na hango."

"Kana wurin?"

"Ina wurin mana."

"To shi ya sa."