Kafin ka saka wa gurmin Haruna Uji iyafis mai tsada

Idan kuɗin shinkafar rani sun shigo, zuciya kuma ta raya maka ka sayi iyafis irin mai rufe kunne ruf, to tsaya ka karɓi shawara kyauta.

Fara da waƙar da kake bugun ƙirji ka haddace. Ga ɗan Haɗejiya ai ba sai an yi dogon nema ba: ɗauko Jummai ta Haruna Uji. Shekara da shekaru kana jin ta a sifikar ƙaramar waya, wadda ba ta iya fitar da kaurin sauti, sai kaifin kawai take watso maka. Yanzu ne za ka san gurmi yana da ciki. Za ka ji amon ƙwaryar yana biyo tsirkiya a baya, ka ji gogar yatsa, ka ji inda mawaƙin ya ja numfashi kafin ya faɗa baiti. Kada ka zabura ka waiwaya, babu kowa a ɗakin.

Daga nan fitina ke farawa. Za ka tarar akwai baitin da tun zamanin Shagari kake rera shi da ƙarfi a majalisa, alhali mai waƙar bai taɓa faɗin haka ba. Kada ka gaya wa kowa. Duk sanda aka zo wurin, ka yi tari. Bayan wata biyu sai ka fito da na daidai, ka kuma harari wanda ya rera tsohon, ka ce yaran yanzu ba sa sauraro.

Sai maganar kwafi, wadda ta fi kuɗin iyafis ɗin muhimmanci. Waƙar da ke memorinka ta sha hannu: daga kaset zuwa kaset, daga nan kwamfuta, aka matse ta ta koma MP3, wanda aikinsa shi ne zubar da sautin da yake ganin kunne ba zai yi kewarsa ba. Wani ma kara waya ya yi a jikin rediyo ya ɗauka, ya tura ta WhatsApp. Kamar ruwan kogin Haɗejiya ne: dam ɗin Tiga na 1974 ya riƙe nasa, na Challawa na 1992 ya riƙe nasa, ciyawar kachalla ta toshe hanya, mutumin Guri da ke can ƙasa ya samu abin da ya rage. Iyafis mai kyau ba ya rufa asiri. Shuuu ɗin kaset, da inda zare ya taɓa tsinkewa aka liƙa shi da jan farce, duk zai kawo maka su tas. Saboda haka idan ka je wurin mai tura waƙoƙi, ka ce ya ba ka mai nauyi. Waƙar minti goma da ba ta kai megabayit uku ba, bar masa abarsa, ko da ya rantse orijinal ce.

Wurin sauraro kuwa, ka nisanci kasuwar kifi da injin casa. Fadama da daddare a damina ma kada ka fara, domin kwaɗi za su shigo, gobe ka tashi kana musu cewa Uji yana da 'yan amshi ɗari. Lokacin da ya fi shi ne an ɗauke wuta, maƙwabci bai kai ga jan janareta ba.

In kunnenka ya saba, ka gwada Shata. Nan za ka raba kalangu da kalangu, ka ji yadda makaɗi ke matse tsirkiya a hammata murya ta hau, ya saki ta sauka, sanƙira kuma yana gefe yana nasa. Ɗan Maraya Jos dai kada ka wahalar da kanka, tsirkiyar kuntigi ɗaya ce, ko nawa ka kashe ba za ta zama biyu ba.

Abin da ba a rubuta a kwalin ba shi ne iyafis ɗin yana toshe kiran salla, da sallamar baƙo, da muryar uwargida in ta taso da zancen cefane. Na ƙarshen kada ka yi murna, za a biyo ka da shi har gado. Idan kuma watan Agusta ya kama, ruwa ya fara lasar jinga, don Allah ka bar kunne ɗaya a waje.